Inda Layin Umma Ya Gamu da na Ari

Unguwar Tsamiya, ƙasar Haɗeja,
Cikin kaka, 1956.

Zuwa ga yayana Ja'afaru a Wad Madani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƙanenka Gwadabe, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk mutanenmu da kuke zaune tare a ƙasar Sudan. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya sa albarka a noman audugarka, Ya raba ka da zazzaɓin nan da ka ce ya kwantar da kai bara. Mu nan kalau muke, sai godiya. Matata Talatu ta sauka lafiya, an sami mace. Shanun ƙanwarmu Hajo sun dawo daga Birniwa da ƙiba. Umma tana nan da ƙarfin bakinta, har yau ba ta gaji da yi mini faɗa ba, sai dai idonta ya yi rauni ƙwarai. Kada ka yi mamakin rubutun, hannuna ne. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, yatsun sun fi sabawa da fartanya.

Bayan haka, maganar gonarka ta fadama ce ta sa na zauna rubutu, wadda ka bar mini amana ranar da ka tafi aikin hajji tun kafin yaƙin Bama. Ruwan bana, Yaya, ko tsofaffi sun ce ba su ga irinsa ba. Kogi ya haye gaɓa ya kwanta a kan fadama gaba ɗaya, ya daɗe bai janye ba. Ka tuna iyakar da ta raba gonarka da ta Hamman maƙwabcinmu: ta tashi daga dutsen niƙan da Baba ya binne a kan tudu, ta miƙe sak har giginyar bakin ruwa, da gamba shuke a kanta. To, da ruwa ya sauka, babu gamba, babu giginya. Laka ta shafe ko'ina sumul kamar an yi daɓe. Dutsen niƙa kaɗai muka tono a wurinsa.

Daga nan rigima ta tashi. Ni na tsaya a kan dutse na miƙa hannu na ce iyaka nan ta bi, Hamman ma ya tsaya a kan dutsen nan ya miƙa nasa hannun wani wajen. Ban ce ɓarawo ne ba, ka san shi, mutum ne mai tsoron Allah, sai dai taurin kansa ya kusa kai nawa. Da abin ya kai gaban Bulama Fannami, ya tuna mana al'adar ƙauyenmu: gonar da ruwa ya shafe iyakarta, mai ita kuma ba ya gari, komawa take hannun bulama a raba wa waɗanda ke nan. Ya ce ba zai bar ƙasa mai danshi ta bushe ana gardama ba, ga lokacin shuka wake da alkama yana wucewa. In ban nuna masa inda giginya take ba kafin Juma'a, za a raba. Na faɗi maganganu a wurin da ba su dace da gaban manya ba, sai da liman ya ja rigata. Raina ya ɓaci matuƙa, don na san in gonar nan ta tafi, ba sauran abin da ke jiranka a nan sai mu.

Na je na samo Ari masunci, na hayin kogi, wanda kuka yi ƙuruciya tare. Ya ce giginya karyewa take ba ta tugewa da sauƙi, kututturenta yana nan a ƙarƙashin ruwa. Muka yi ta nema. Da yake kowa a garin nan tun yana goye ya san giginyar a bakin ruwa take, a bakin ruwa muka nema. Ari ya yi ta nitso yana bin gaɓa sama da ƙasa har idanunsa suka yi jajur, bai samo komai ba sai laka da wata tsohuwar tukunya. Mun san kogi ya ci gaɓa, amma mun ɗauka 'yar kaɗan ya gutsura kamar kowace shekara.

Ana cikin haka 'yarka Yelwa ta zo duba Umma. Kai ka bar ta tana rarrafe, to yanzu malama ce, tana koyar da 'yan mata a cikin garin Haɗeja inda take aure, bayan karatun da ta yi a Kano. Da yake gidan miji take, bulama bai lissafa ta cikin masu riƙe gona ba. Ta tarar da ni zaune a ƙofar gida na haɗe rai, ta tambaya, na zazzage mata komai. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma taya ni zagin kowa ba, wanda shi nake so. Sai ta yi wata tambaya da na ga ba ta da kai: wai ko akwai wanda ya saba tsayawa a wuri ɗaya yana ganin giginyar ta yi daidai da wani abu, ta rufe shi ko ya rufe ta. Kafin in buɗe baki Umma ta amsa daga kan tabarmarta. Ta ce in ta zauna a ƙofar ɗakinta, giginyar tana bayan tsamiyar unguwa daidai wa daida, kanta kawai ke leƙowa ta sama kamar tsamiyar ta sa hula. Ari kuma da aka tambaye shi ya ce in ya tsaya a turken da yake ɗaure jirginsa a hayi, giginyar takan tsaya a gaban kukar nan ta bayan gari ta raba ta biyu, da ita ma yake saita jirgi in zai hayo. Yelwa ta ce, Baffa, an gama, giginya ta samu. Na ce mata ta rufa mini asiri, in mutum yana cikin jirgi a kogi ba ya ganin ƙofar Umma, gaɓa da dogayen ciyayi sun tare, jirgin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a saita da ido. Ta ce ai ba da ido za mu saita ba.

Abin da ya biyo baya zan faɗa maka dalla-dalla, don na sa ta maimaita mini har ya zauna a kaina. Ta karɓi doguwar igiyar tarun Ari ta ce ita ce ma'auninmu. Ta kafa turke a dokin ƙofar Umma ta ce nan ne sifiri, daga nan za a ƙirga komai. Daga turken ta sa muka ja layi ɗaya ya nufi gabas, wani ya nufi arewa, ta daidaita kusurwarsu da kusurwar sabuwar tabarma. Sai ta ce duk wani wuri a fadamar nan yana da suna na lamba biyu: igiya nawa za ka yi gabas, sannan igiya nawa za ka yi arewa ka iske shi. Muka wuni muna jan igiya cikin laka, ni da 'ya'yan Hajo, Ari yana haye mana da ita ta ruwa yana kafa gora. Tsamiya ta faɗo a gabas huɗu, arewa biyu. Kuka, gabas shida, arewa ɗaya. Turken Ari a hayi, gabas goma sha uku, arewa takwas. Akwai 'yan kamu-kamu da suka ɗoru a kai, ita ta lissafa da su, ni na zubar don kada in cika ka. Ta fito da takarda mai gidaje-gidaje kamar ramukan dara, ta ɗiga kowanne a gidansa. Na leƙa, sai ga unguwarmu duka, da kogi da hayi, a kan abin da bai fi tafin hannu biyu ba.

Daga nan ta soma da layin Umma. Ta ce ɗigo ɗaya ba ya yin layi, shi ya sa ni da Hamman muka tsaya a kan dutse ɗaya kowa ya nuna inda ransa ke so, kuma ko mutum ɗari aka tara kowa zai sami nasa. Amma in ɗigo biyu ne, miƙaƙƙen layi ɗaya tak ke iya ratsa su. Daga ƙofar Umma zuwa tsamiya an yi gabas huɗu an yi arewa biyu, wato duk igiya biyu da layin ya ci ta gabas, ɗaya yake hawa ta arewa, kuma wannan halin ba zai sake shi ba ko ina ya kai. Ta kira lambar gabas da harafin x, ta arewa da harafin y, ta rubuta y = ½x, ma'ana a kan layin Umma arewa kullum rabin gabas ce. Ta ce in faɗi kowace lamba ta gabas. Na ce takwas, ta ce arewa huɗu, wurin yana kan layi. Na ce ɗari don in ƙure ta, ta ce hamsin, can cikin dajin hayi inda ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Yaya, ka ji fa. 'Yan haruffa da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, amma sun riƙe wuraren da ba su ƙirguwa, har da waɗanda ruwa ya rufe.

Layin Ari kuma halinsa daban. Daga kuka zuwa turkensa an ƙara gabas bakwai an ƙara arewa bakwai, ke nan igiya ɗaya gabas, igiya ɗaya arewa, ya fi na Umma saurin hawa. Amma shi bai taso daga ƙofar Umma ba. Ta ce in duba lambobin: shida da ɗaya, goma sha uku da takwas, me ke tsakani? Na yi ta ƙirga da yatsu, na ga biyar ne duka biyun, na ji daɗi kamar ni na ƙago lissafin. Ta rubuta y = x − 5, wato a kan layin Ari arewa ita ce gabas an cire biyar. Na ce to in gabas biyu ce fa, yaya za a cire biyar daga biyu? Na ɗauka na kama ta. Ta yi dariya ta ce sai a wuce sifiri a sauka ƙasa da shi da uku, wanda ke nufin igiya uku kudu, bayan gidanmu wajen rumbuna. Ashe har abin da bai kai babu ba yana da wurin zama a ƙasar Allah.

Sai ta ce giginya tana kan layin Umma, tana kuma kan layin Ari, layi biyu masu hali daban kuwa wuri ɗaya kawai suke gamuwa. A wurin nan dole maganar Umma da ta Ari su zama ɗaya. Don haka abin nema shi ne lambar da rabinta ya yi daidai da ita kanta in an cire mata biyar. Ta yi 'yan rubuce-rubuce ta ce goma. Na gwada da kaina: rabin goma biyar, goma a cire biyar saura biyar. Gabas goma, arewa biyar. Ta ɗora bakin fensir a gidan, sai na ga ya faɗa tsakiyar kogi, nesa da inda muka yi ta wahalar da Ari. Na ce mata ba zai yiwu ba, giginyar bakin ruwa ce. Ta ce bakin ruwa tafiya yake yi, Baffa, ƙofar Umma da tsamiya da kuka ne ba su motsa ba.

Ranar Alhamis da hantsi muka fita, bulama da liman da Hamman da rabin gari suna kan gaɓa. Muka auna igiya goma gabas a kan tudu, muka juya arewa. Igiya ta uku ta ƙare a bakin ruwa, sauran biyun Ari ya ja su da jirgi, Yelwa tana tsaye a baya tana daidaita shi da hannu. Mutane suka soma 'yan dariya, wani ya ce ashe Ja'afaru kifi yake nomawa. Ni dai ina ta salati a zuci. Ari ya soka gora ya ji laka. Ya matsa kaɗan ya soka, laka. Ya ƙara matsawa kamar gaba biyu, sai muka ji gorar ta bugi abu mai ƙarfi, har kan gaɓa aka ji ƙarar. Ya tuɓe riga ya nutse. Ya daɗe har na fara tsorata. Da ya ɓullo sai ya karɓi wuƙa ya koma. Karo na biyu ya ɗago hannu sama da wani baƙin abu, aka kawo gaban bulama aka wanke. Zoben ƙarfen nan ne da ka kafa a gindin giginyar kana ɗaure jakinka, da ɓawon itacen manne a jikinsa. Hamman ne ya fara gane shi, don shi ya riƙe maka ranar da ka buga.

Na zauna a cikin laka ban sani ba. Yarinyar nan ba ta shiga ruwa ba, ba ta ma tuna kamannin giginyar sosai, amma daga zaune ta aika lamba cikin kogi ta taɓo ƙarfen da ubanta ya kafa tun ba a haife ta ba. Liman ya ce Allah Ya halicci kowane abu da ma'auni, mu ne ba mu iya karantawa ba. Ni ban da hawaye ba abin da na iya. An kafa doguwar gora a kan kututturen, aka ja igiya daga dutsen niƙa aka saita ta da gorar, iyaka ta fito fes. Ba inda na nuna ta bi ba, ba kuma inda Hamman ya nuna ba, ta ratsa tsakaninmu, ta ɗan fi kusa da nasa, kada ka so ka ji yadda hakan ya yi mini ciwo. Muka yi musafaha, shi da kansa ya kawo gamba muka shuka. Kogi ya cinye ƙasan gonar, amma mafi yawanta na nan, na riga na zuba wake.

Sai dai bulama ya kafa sharaɗi, kuma a gaban jama'a ya faɗa. Ya ce bana lissafi ya tsaya wa Ja'afaru, amma ba a riƙe wa mutum ƙasa har abada ga matasa suna neman inda za su noma. In ruwan baɗi ya janye ba ka zo ka tsaya a kan gonarka da ƙafarka ba, za a raba, ko da iyaka ko babu. Na so in yi gardama, na rasa ta inda zan kama, don gaskiya ya faɗa.

Da muka koma gida Yelwa ta durƙusa gaban Umma ta ce aikin na Umma ne, da tsohuwar ta kuskure ko kaɗan da gora ba ta sami komai ba, ta tambaye ta yadda aka yi ta riƙe wurin haka daidai. Umma ta ce ai ba abin mamaki ba ne. Ranar da ka tafi, ta ƙarƙashin giginyar nan ka bi ka shiga jirgi, nan ta yi maka ganin ƙarshe, kuma ta nan duk mai dawowa daga gabas yake ɓullowa. Tun ran nan ba ta sake wurin shimfiɗa tabarmarta ba. Ni da nake gida ɗaya da ita duk shekarun nan, na ɗauka inuwa take bi. Yelwa ta ɗauko takardar ta ɗora sanda a kan layin Umma, ta nuna mini ya wuce tsamiya, ya wuce giginya, ya fita daga takardar ta gabas maso arewa. Ta ce miƙaƙƙen layi ba shi da ƙarshe, takarda ce ke ƙarewa, kuma in aka bi shi wajenku ya nufa. Tana gama faɗa ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta san fuskarka ba, Yaya, zoben jakinka ta roƙa aka ba ta, shi ta tafi da shi Haɗeja.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ka dawo gida. Ka sauke farali tuntuni, audugar Sudan kuma ba za ta ƙare ba. Ka taho da iyalinka bayan kun cire amfanin bana, ɗaki na nan na gyara, wake zai nuna kafin ku iso. Umma yanzu ko tsamiyar ba ta gani sai duhu-duhu, amma kullum da safe sai an shimfiɗa mata tabarma a wurin nan, fuskarta tana kallon inda ta saba.

Ka gaishe mini da matarka 'Yar'azumi da yara, Abubakar da ƙannensa da ba mu sani ba sai a takarda. Ka gaida Malam Yakubu mutumin garin Malam Madori in har yanzu kuna tare, ka ce masa 'yan uwansa suna lafiya. Talatu da Hajo da 'ya'yanta suna gaishe ka. Hamman da Ari sun ce a gaishe ka, Ari ya ce shi zai hayo da kai kuma ba ya son godiya. Yelwa tana gaida mahaifinta da ladabi. Umma ta ce tana sa maka albarka, ta kuma ce lallai in rubuta wannan kada in manta: giginya ta faɗi, don haka in ka iso bakin kogi kada ka tsaya nemanta ka rikice. Ka nemi tsamiya ka miƙe, ƙofar tana bayanta, ita kuma tana zaune a ƙofar.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙanenka mai jiran ganinka,
Gwadabe.